Yadda Za Ki Dawo da Mijinki Gida da Takarda Goma Sha Biyu

“Damina biyu, Zuhura. Damina biyu ni ce shuka, ni ce noma, ni ce yankan gero, shi yana can arewa yana tonon rami kamar gahiya. In na kira, rezo babu, waya ba ta shiga. In rezo ya samu, sai ya ce bayan Salla. Wace Salla? Ƙarama ta wuce, babba ta wuce, na gaji da ƙidaya. Ga hadari ya fara leƙowa gabas. Wallahi bana in anka yi ruwan shuka ba ya nan, ban san yadda zan yi da gonar nan ba.”

Barira ke nan, matar Lurwanu, maƙwabciyata a nan Maijirgi, uwar ’ya’ya huɗu. Tana tsintar wake tana kai kuka wurin ƙanwarta, Zuhura mai lalle. Zuhura ta ɗago kai daga waya ta ce, “Yaya, bar min wanga aiki. Da idonki za ki ga ya shigo gidan nan.”

To ke ’yar’uwa mai irin ciwon Barira, share hawayenki, magani ya zo. Babu boka, babu rubutun sha, babu tara dattawa. Takarda goma sha biyu, kireyo guda, wato fensir, da waya mai shafawa. Ki bi matakan nan yadda Barira ta bi su, kar ki tsallake ko guda. Na yi miki alkawari mijinki zai motsa. Wanga tabbas ne, an gwada an gani a kan idona. Ina zai dosa in ya motsa, wannan kuma za mu zo wurin.

Mataki na ɗaya: Ki tabbata mijin ba ya nan

Shi ne sharaɗi. In naki yana nan gindin bedi yana shan shayi tun hantsi, ki gode wa Allah ki wuce, ba da ke nike ba.

Wanda ya hi dacewa da dabarar shi ne mai haƙar zinariya. Lurwanu can ya tahi, gaba da Agadas. Ranar tahiya ya ce wata uku. Ba ƙarya ya yi ba. Masana sun tabbatar watan mai neman zinariya ba irin namu ba ne, sai ya yi kwana ɗari uku bai mutu ba.

Kuma ki kiyaye, kar ki kuskura ki kira shi ki ce mishi gatsau, “Ka dawo, ina son ganinka.” Wannan minti guda ne, ko yaro ya iya. Mace mai aji ba ta bin gajeriyar hanya. Sai ta zagaya ta bayan gari, ta sha rana, ta taka ƙaya, sannan a san ta yi aiki.

Mataki na biyu: Ki nemi mai zane

Kar ki je nesa. Duk wadda ta iya zana hure a tahin hannun amarya tana kuka tana motsi, ta iya zana namiji. Zuhura ta yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, kuma ta ga yadda ake abin a wani bidiyo har sau biyu. A unguwarmu wannan ya isa a kira mutum gwani.

Ga yadda ta yi wa Barira bayani, ke ma ki riƙe. Za a zana abu guda sau da yawa, kowane zane ya ɗan gota ɗan’uwanshi kaɗan. A ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Waya ta riƙa nuna su da sauri, ido ya ruɗe, ya ga kamar abin tahiya yake. In ya kai ƙarshe ya koma farko, ya sake, ya sake.

Barira ta ce, “Har yaushe?”

“Har sai bateri ta mutu, Yaya.”

“Au, irin wankin kwanoni.”

“Haka.”

“To na gane. Zana Baban su Najiba yana shigowa gida. Ya shigo, ya shigo, ya shigo. A tura mishi ya ji kunya.”

Mataki na uku: Ki tsare addininki

Barira ba ta wasa da salla, ba ta wasa da azumin Litinin da Alhamis. Zuhura na zagaye kan mutum a takarda ta riƙe mata hannu.

“Tsaya. Zanen mai rai? A gidana?”

“Yaya, to raƙumi zan zana? Shi ma rai gare shi.”

“Ni dai ban yarda ranar tsayuwa a ce in hura mishi rai ba. Na gasken ma na kasa da shi.”

Sunka ja, sunka ja, har anka tsaya a tsakiya. Za a zana shi, amma babu ido, babu hanci, babu baki. Kai sumul kamar duma, a ɗora hula a sama. Ke ma haka za ki yi.

Sai maganar ƙafa. Zuhura shekararta goma tana yi wa ƙafa lalle, amma ashe ba ta iya zana ta ba. Ta farko ta hito kamar ludayi, ta biyu kamar ƙafar agwagwa. Sai ta sa mishi babbar riga har ƙasa, ta ruhe fitina.

In kinka bi wanga mataki da kyau, za ki samu mutum wanda ba a gane gabanshi, ba a gane bayanshi. In kin lura, na gidajenmu ma da yawa haka suke.

Mataki na huɗu: Takarda goma sha biyu

Ki ɗauko kayen lakwal na ɗiyarki, littahin rubutun nan nata, ki ɓalle daga tsakiya. In mushe, malaminsu, ya tambaye ta, ta ce gara ce.

Takardun su zama girma guda. A ta farko a zana ƙofar gida a gehe, maigida kuma can ɗaya gehen, nesa, da buhu a kai. Buhun dole ne. Mutum ba ya yin damina biyu ya dawo yana lilo da hannu.

Don ƙofa ta tsaya wuri guda a duk takardun, sai a ɗora sabuwa bisa tsohuwa a ɗaga wa rana, a bi layi. Ki ɗauko farantin gilashin nan na kayan ɗakinki, wanda tun ranar tarewa ba a taɓa cin komi a ciki ba. Yau ranarshi ta zo. Ke za ki riƙe shi sama, mai zane tana bi ta ƙasa. Ƙofa ba ta motsi, bango ba ya motsi, maigida kaɗai ke matsowa da faɗin yatsa biyu a kowace takarda. A ta goma sha biyu ya kai bakin zaure, rabin jikinshi a ciki.

Kwana uku Barira ta yi tana riƙe da faranti. Kafaɗarta ta yi tsami, tuwo ya kama sau biyu, akuya ta cinye takarda ta bakwai anka sake.

“Yaya, ki daina rawa da hannu.”

“Ba rawa nike ba, mutuwa nike. Mutumin nan ko a takarda sai ya wahalshe ni.”

Abu mai muhimmanci: kar ki sa wa takardun lamba. Barira ta kawo shawarar a ɗan yi alama a baya, Zuhura ta ce, “Ni na zana su. Uwa tana sa wa ɗiyanta lamba?” Magana ta mutu. Ki tuna, duk lokacin da mai ilimi ta yi miki tambayar da ba ki da amsarta, ita ke da gaskiya.

Mataki na biyar: Ki saka kanki a ciki

Gida babu mai tarba ai kango ne. Ki sa a zana ki tsaye bakin ƙofa, ke ma babu huska, hijabi har ƙasa.

Barira ce ta ce a ba ta kwanon ruwa a hannu. Zuhura ta ce ƙarin aiki ne. Barira ta ce, “Mutum ya keto sahara, ba za a ba shi ruwa ba? Ko ina hushi da shi, ai ni aka haifa gidan mutunci.”

Sai anka koma kan takardun duka. A ta farko kwano yana ƙirjinta. A ta biyu ta ɗan miƙa. Yana matsowa tana miƙawa, yana matsowa tana miƙawa, har a ta ƙarshe hannunta ya miƙe sarai, kwano ya kai gabanshi.

Da Zuhura ta gama ta ƙarshen, Barira ta karɓa ta daɗe tana kallo. Mutum biyu marasa huska da kwano tsakaninsu. Ta goge ido da bakin zane ta ce hayaƙi ne. Ko wuta ba a hura ba tukuna.

Mataki na shida: Ki taimaka

Nan ne zuciyar aikin, ki buɗe kunne.

Ranar ɗaukar hoto, da hantsi, aka aiko kiran Zuhura gidan wata amarya, wai lalle ya yi ruwa ta zo ta gani. Ta ajiye takardun bisa turmi ta ce yanzu za ta dawo. Tana hita iska ta taso ta watsa su tsakar gida. Guda a akurki, guda a bakin randa, guda ta maƙale a danga.

Mace maras tunani sai ta tattara ta ajiye ta jira. Ke ba haka kike ba. Ke mai zuciyar aiki ce. Barira ta bi su ɗaya ɗaya ta tsince, ta kakkaɓe, ta shimhiɗa tabarma, ta jera su layi guda, kowace ta danne ta da dutse. Kuma wallahi ba ta yi kuskure ko guda ba. Kwana uku tana riƙe da faranti, ta san kowace takarda kamar ta san tukwanenta. Nesa, kusa, kusa, har bakin zaure.

Daga dama ta fara. To daga ina za ta fara? Allon da ta yi karatu da shi daga dama yake farawa. Alwala dama, takalmi dama, shiga masallaci dama, loma dama. Tun da aka haihi Barira ba ta taɓa fara abin alheri da hagu ba.

Zuhura kuwa shekara shida mushe yana dukan hannunta har ta saba layi daga hagu yake farawa.

Kar ki faɗa mata inda kinka fara. Ita ma kar ta tambaye ki. Kowa cikinku na da gaskiya, kuma babu masifar da ta kai mata biyu masu gaskiya a tsakar gida guda.

Mataki na bakwai: Ki kahe waya

In waya ta yi motsi tsakanin hoto da hoto, gidanki zai riƙa rawa kamar ana girgizar ƙasa. Ki kawo turmi biyu, ki gitta muciya biyu a kansu, ki kwantar da waya bisa muciyoyin, idonta yana leƙen ƙasa ta tsakani. A yi a inuwa, haske ya zama iri guda. A zana gurbin takarda a ƙasa da gawayi, kowace a nan za ta kwanta.

Zuhura ta dawo a guje, gumi sharkaf, dangin amarya sun ce minti goma sunka ba ta. Ta ga takardu jere ta ce, “Kai, Yaya, Allah shi yi miki albarka.” Ta duba waya, bateri saura kaɗan, ta yi ja. Ta durƙusa ta kai hannu hagu ta ɗauko. Ƙyas. Ta gaba. Ƙyas. Ba mutumin take kallo ba, ƙofar take kallo, kar ta goce.

Ke a wanga lokaci ki tahi korar kaji. Barira can ta tahi.

Sai a zuba hotunan a cikin aplikasiyon, a zaɓi gudu. In ya yi sauri da yawa zai zama kamar wanda kare ya biyo. In ya yi nawa zai zama kamar ango za shi gaida surukai. A tsaya tsakiya. Sannan a danna ’yar kibiyar nan mai zagaye, ita ce ke sa abin ya yi ta maimaitawa.

Mataki na takwas: Kar ki duba

Dubawa rashin tawakkali ne. Ki leƙa ta bayan kafaɗar mai waya, cikin rana, ta gilashin da ya tsage gida uku. Kin ga wani abu yana motsi? Ya isa.

“Yaya, yana tahiya! Wallahi yana tahiya!”

“Allahu akbar! Tura, tura kahin ta mutu!”

Kuma kar a tura mishi shi kaɗai. Kunya ba ta kama namiji sai da shaidu. A tura gurup ɗin dangi, inda kowa yake, daga na Korgom har na Attantane har ’yan ci-rani. A hau bisa juji, nan rezo ya hi ƙarhi.

Zuhura tana kan juji ta ce, “Me zan rubuta a ƙasa?”

Barira ta dahe ƙirji ta ce, “Rubuta: Abin da nike roƙon Allah ke nan kullum bayan salla.”

Ta rubuta. Ta tura. Waya ta yi duhu. Anka kai ta wurin mai sharji bakin titi, Zuhura ta koma wurin amarya, Barira ta ɗora tukunya tana ’yar waƙa, abin da rabon in ji ta yi tun bara.

Ga abin da mutum sittin da wani abu sunka buɗe sunka gani. Lurwanu yana hitowa daga zauren gidanshi da buhun kaya a kai. Matarshi tana tsaye bakin ƙofa da kwanon ruwa. Yana kai ga kwanon ta janye. Yana tahiya tana ƙara janyewa, har ta manne shi a ƙirji. Ya yi nisa, ya kai bakin takarda. Sai kuma ga shi a zaure, ya sake hita, ta sake janye ruwa. Ya sake hita. Ya sake hita. A ƙasa an rubuta abin da take roƙon Allah ke nan kullum bayan salla.

Mataki na tara: Ki tarbi baƙi

Ki share tsakar gida, za a zo.

Bayan azahar kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida. Inna Hindatu ce, mahaihiyar Lurwanu, tun daga Korgom, tsohuwar da ta yi rantsuwa ba ta ƙara hawa moto, wato babur, tun da ta faɗi a yashi. Ta shigo babu sallama, mayahi a karkace, waya a hannu.

Barira ta zube ƙasa. “Inna, sannu da zuwa. Lahiya? Bari in kawo ruwa.”

“Riƙe ruwanki. Na ga yadda kike ba da ruwa.”

“Inna?”

“Me ɗana ya yi miki, ɗiyar nan? Ya daɗe, na sani. Ni ma na yi mishi faɗa. Amma a gaban dangi? Har da addu’a?”

“Inna, ai addu’ar alheri ce.”

“Alheri? Tun hantsi nike kallon abin nan. Na ce bari in jira, ƙila a ƙarshe zai juyo. Sau arba’in ya hita, ko sau guda bai waiwayo ba. Da me ma zai waiwayo, kun cire mishi huska!”

Ta danna mata wayar a hannu. Barira ta shiga inuwa, ta kare da tahin hannu, ta kalla. Ya hita. Ta kalla. Ya hita. Ta ga hannunta yana janye kwano. Ta zauna daɓas a ƙasa.

“Innalillahi. Ba haka na jera ba. Wallahi tallahi ba haka na jera ba.”

Daidai nan Zuhura ta shigo da wayarta ta karɓo daga sharji, hannu baƙi ƙirin da lalle, tana murmushi tana jiran yabo. Tabarma tana nan, duwatsu suna nan. Barira ta nuna.

“Ke, daga ina kinka fara ɗauka?”

“Daga farko mana.” Ta nuna hagu.

“Nan ne farko? Nan ƙarshe ne, ’yar nema!”

“Yaya, wa ke fara layi daga dama?”

“Musulmi!”

“Ni kahira ce?”

Inna Hindatu ta dubi tabarma, ta dubi wannan, ta dubi waccan. Ita ma allo ta yi. Ta ce, “A nan kam Barira ke da gaskiya.” Sai ta tuna hushi take, ta ƙara da cewa, “Amma duk ku biyun ba ku da hankali. Mutum da bakinshi, da wayarshi, sai ya aiki takarda?”

A wanga mataki za ki samu ra’ayoyin masu kallo, kuma mai sana’a ba ta gudun ra’ayi. Wayar Zuhura na kamawa saƙonni sunka yi ta zuba kamar ƙanƙara. Wani kawu ya yi wa’azin minti tara a kan haƙuri. Wata gwaggo ta ce dama ita tun ranar buki ta gani a idon yarinyar. Wani ɗan ci-rani ya ce zanen ya yi kyau, nawa ake yi, shi ma yana so a yi wa matarshi.

Can ƙasa akwai bokal guda, saƙon murya, na daƙiƙa ashirin. Lurwanu. Zuhura ta danna, anka ji hayaniyar tasha, ’yan kamasho suna kira, sannan muryarshi, a sanyaye.

“Barira. Ina tashar Agadas da kayana, tun jiya na sauko. Na so in yi miki ba-zata, in iso kahin ruwan shuka. Ga mota nan ta kudu tana lodi, ga ta arewa tana lodi. Na ga saƙonki. Na gane. Allah shi ba mu haƙuri.”

Kaza ta zo ta taka takarda ta goma sha biyu, ba wanda ya kore ta.

Mataki na goma: Ki gyara

Gyaran ba wuya, wannan shi ne daɗin zamani. A cikin aplikasiyon ɗin akwai wani ɗan maɓalli mai juya abu baya. Dannawa guda. Abin da ya ci kwana uku da aure guda, daƙiƙa biyu ta gyara shi. Yanzu ga Lurwanu yana tahowa daga nesa, ga Barira tana miƙa ruwa, ga shi ya shiga gida. Ya shiga, ya shiga, ya shiga. Kyau kamar me. Inna Hindatu da kanta ta ce a bar shi ya ƙara shiga sau biyu.

Zuhura ta hau juji ta tura wa dangi, ta tura wa Lurwanu nashi daban. Dangi sunka gani nan take. Kawu ya ƙara wa’azin minti shida a kan gaggawa. Gwaggo ta ce dama ita ta san Barira ba za ta aikata ba.

Na Lurwanu kaɗai ya tsaya da alama guda, bai shiga ba. Anka kira, matar nan ta cikin waya ta amsa da Faransanci, wai ba a samun shi. Anka sake, ita ce dai. Zuhura ta ce ba abin tsoro ba ne, hanya ce babu rezo. Inna ta ce wace hanya? Zuhura ta ce duka biyun.

Barira ta tashi ta karɓi wayar, ta tattare zane, ta hau jujin da kanta, uwar ’ya’ya huɗu, maƙwabta suna leƙe ta danga. Ta danne wurin magana da babban yatsa.

“Baban su Najiba, ni ce. Ba haka ba ne. Takarda ce ta juya. Ka dawo. Iri yana nan na gyara, na zaɓi na gona ta gabas daban. Ka dawo, ka ji? Ba don gonar ba ma.”

Ta saki yatsa. Shi ma alama guda.

In kinka kawo nan, barka, kin kammala. Kin iya mai da zanen hannu ya zama hoto mai motsi. A duk Maijirgi ba a yi mata biyar da sunka iya ba.

Sanarwa

Ni mai wanga bayani na wanke hannuna har gwiwa. Na ce zai motsa, ya motsa. Ban ce kudu ba, ban ce arewa ba, ku koma sama ku duba. Wadda ta gwada aurenta ya girgiza, ko surukarta ta hau moto, ko ɗiyarta ta sha bulala saboda kaye, kar ta doso ƙofata. Ta je ta nemi wadda ta fara da dama, ko wadda ta fara da hagu, su sasanta. Ni tuwona ke kan wuta, kuma la’asar ta yi.

Abu guda dai Barira ta roƙe ni in ƙara, tana tsaye a kaina yanzu haka. Yau kwana biyu, wayar ba ta shiga ba. Jiya an yi yayyahi Attantane, an ce gobe ko jibi namu ne. Duk wadda ke da miji, ko wa, ko ƙane da ke lodi a tashar Agadas, ga mutum dogo, baƙi, siriri, da shuɗiyar riga, yana ɗan ɗingishi da ƙafar da rami ya taɓa danne mishi. Shekaranjiya wajen azahar yana tsaye tsakanin motoci biyu da kayanshi.

Don girman Allah ki kira naki yanzu, ki tambayar mana: wace ya shiga?